Wuƙa mai haƙora ko mai baki sumul, wacce zaka ɗauka a wane aiki

Abinda yasa na zauna rubuta wannan wata Babbar Sallah ce da na sha kunya gaban kawuna. Ana saura kwana biyu sallah na shiga kasuwa naga wani saitin wuƙaƙe a kwali guda shida sai ƙyalli suke, kowacce bakinta da ƙananan haƙora kamar na zarto, mai shago yana ta rantse-rantse wai har abada basa buƙatar wasawa. Na biya na taho ina jin na kashe matsalar wuƙa a gidanmu. Ranar sallah bayan kawu ya yanka rago da wuƙarsa sai nace a bar min fiɗa. Ko rabin ciki ban kai ba na huda fatar waje uku, naman kuma duk inda wuƙar ta bi sai ya tashi buzu-buzu kamar kyanwa ce ta yage shi. Kawu ya karɓa ya juya ta ya kalli bakin yace "ɗana ai wannan zarto ka siyo, kai wa kafinta." Ya zaro tasa tsohuwa baƙa ƙirin ta maƙera daga kube, ya goga ta a dutse sau biyar ko shida ya ƙarasa fiɗar yana hira, ko kallon hannunsa baya yi.

Amma kuma saitin nan bai tashi a banza ba, doguwar cikinsu har yau ita ke yanka mana burodi kuma babu wuƙar da ta kaita a wannan aikin. Toh kaga kenan ba wai ɗaya tafi ɗaya bane kai tsaye, kowacce da inda take cin kasuwarta, sai dai inda mai haƙora take cin tata kasuwar bashi da yawa kamar yadda masu talla suke nunawa.

Mataki na farko, gane yadda kowacce take yanka

Wuƙa mai baki sumul, wato irin wadda muka taso muka gani hannun mahauta da iyayenmu mata, kaifinta layi ɗaya ne tun daga ƙota har tsini. Tana raba abu ne ta ratsa shi, ko ka danna ƙasa ko ka ja, kuma wajen da ta yanka yana fita sumul. Ita ko mai haƙora, tsinin haƙoran ne suke fara caka abu su huda fatarsa, saboda duk ƙarfin hannunka ya taru a kan waɗannan ƴan tsinayen maimakon ya bazu a dukkan bakin, daga nan sai ramukan dake tsakanin haƙoran su biyo baya suna yanka. Shi yasa dole sai kana ja kana turawa, in ka danna ta ƙasa kawai babu abinda zatayi sai dai ta murƙushe abun.

Akwai wani sirri kuma da yasa ake cewa bata dakushewa. Ba albasa ko nama ne yake cinye kaifin wuƙa da sauri ba, abinda ke ƙarƙashinsu ne. Duk sanda kika yanka abu a kan faranti ko tire na ƙarfe ko tangaran ko tayil, bakin wuƙar yana dukan abinda ya kai shi tauri ko ya fishi, sai ya lanƙwashe. A mai haƙora tsinin ne kawai yake taɓa farantin, kaifin dake cikin ramukan yana ɓoye baya taɓa komai. Wannan ne dalilin da yasa wuƙaƙen cin nama na otal da yawansu masu haƙora ne, don a kan faranti ake aiki dasu. Tana dakushewa ita ma, kawai dai ko ta dakushe tana ci gaba da yaga, mutum sai ya ɗauka yanka take.

Wannan dabarar tallar ma ba yau aka fara ba. A Amurka tun 1978 aka riƙa tallar wasu wuƙaƙe masu haƙora a talabijin da sunan Ginsu, a yanka gwangwani da ita sannan a yanka tumatir, sunan kamar na Japan alhali a jihar Ohio ta Amurka ake ƙera su a lokacin. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon mai tallar wuƙa a kasuwa yana gurzar ƙarfe sannan ya ɗauko tumatir, toh wasan ɗaya ne. Abinda bazai taɓa nuna maka ba shine ya fere doya da ita.

Mataki na biyu, kalli abinda zaka yanka kafin ka miƙa hannu

Tambaya biyu nake yiwa kaina. Ta farko, abun nan bayansa da tauri ko santsi cikinsa kuma da laushi? Ta biyu, ina so wajen yankan ya fita da kyau ne ko dai kawai so nake ya rabu biyu? In bayansa da tauri cikinsa lugub, ko kuma igiya ce da makamantanta da kawai rabuwa nake so suyi, mai haƙora. Duk sauran, sumul.

Burodi shine babban misali. Ka tsaya teburin mai shayi da safe ka kalli mai yanka burodi mai laushi da wuƙar da ta dakushe, zaka ga yana danna shi burodin yana lotsewa har ya koma kamar an zauna a kai. Da doguwar mai haƙora, mai tsawon santimita 20 zuwa 25, ba dannawa ake ba, ɗora ta zakayi ka riƙa ja a hankali da dogon zango, nauyinta ma ya isa. Haka kek, musamman in za'a raba shi a kwance don a sa kirim a tsakiya. Abarba da kankana ma tana shiga bayansu ba tare da ta zame ba.

Tumatir kuma akwai magana. Fatarsa santsi gareta, cikinsa ruwa, wuƙa sumul in ta ɗan dakushe sai ta riƙa zamewa a kai har ki matse shi ruwan ya tsiyaye, shi yasa kamfanoni irin Victorinox na Suwizalan suke yin ƴar ƙaramar mai haƙora ta musamman don tumatir, bakinta wajen santimita 11. Tana aiki kam babu musu. Amma wuƙa sumul da aka wasa da kyau tafi ta fitar da yanka mai kyau, in kuwa tumatir ya gagari wuƙarki toh ba haƙora take nema ba, dutse take nema.

Albasa, attaruhu, tattasai, alayyahu, kabeji, kuɓewa, karas, duk sumul. Albasa ma in aka yanka ta da mai haƙora tafi sa hawaye don ana farfasa ta ne ruwanta yana fita da yawa, ganye kuma ya dagargaje yayi baƙi da wuri. Sannan ga wani abu da ya shafi iyayenmu mata da ƴan uwa mata kai tsaye, yawanci a hannu ake yanka kuɓewa da alayyahu, a dunƙule ganyen a tafin hannu wuƙa tana tahowa wajen babban yatsa. Hajiya don Allah kar kiyi wannan da mai haƙora. Ita sai an ja ta take ci, in ta kuɓuce ta samu yatsa ba yanka zatayi ba yaga zatayi, kuma ciwon da ya yage yafi wuyar ɗinki da warkewa akan wanda ya yanku sumul.

Fere doya, dankali, rogo, lemo, kankare rake, wannan ko tambaya babu. Ka kalli mai lemo yadda yake zagaye shi da ƴar wuƙarsa ɓawon yana sauka kamar zare bai tsinke ba, haƙora bazasu taɓa yin haka ba. Kabewa mai taurin baya kuma babbar sumul mai kauri, a kan katako, ba a hannu ba.

Nama, inda babu sassauci

Yanka dabba da wuƙa sumul ake yi mai kaifi sosai, kuma tsawonta yafi faɗin wuyan dabbar. Hadisin Shaddad bin Aus dake cikin Sahihu Muslim, wanda shine na 17 a Arba'una Hadis da muka haddace a islamiyya, ya umarci mai yanka ya kyautata yanka, ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. A mazhabar Malikiyya kuma ana so a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da an ɗage hannu ba kafin a gama. Wuƙar da sai an yi ta gurzawa, haƙoranta suna kama gashi suna cijewa, ta ina zata hutar da dabba? Kuma a wasa tun kafin a kawo dabbar wajen, ba a gabanta ba.

Fiɗa ma sumul, an fi son gajeriya mai ɗan lanƙwasan ciki wadda tsininta bai cika tsawo ba, kuma rabin aikin ma da dunƙulen hannu ake yi ana tura fatar, wuƙa tana taimakawa ne kawai inda ya kama. Fatar da aka huda darajarta ta faɗi wajen masu saye, ni shaida ne. Masu kilishi da suke buɗe tsoka ɗaya ta zama fale-fale kamar takarda, masu tsire, masu balangu, babu wanda zaka gani da mai haƙora, in ka ga yana goga wuƙarsa a ƙarfe duk bayan ƴan mintuna toh kasan dalili.

Ƙashi kuwa ba aikin ko ɗaya daga cikinsu bane, wannan na adda ne ko gatari a kan kututture. Kaza ko kifin da ya daskare a firiza shima haka, ka bari ya saki. Wuƙaƙe da yawa a nan suke rasa bakinsu, wasu mutane kuma a nan suke yanke hannu, don ƙanƙara tana sa wuƙa ta zame.

In an fita daga kicin kuma mai haƙora tana da rana. Igiyar roba mai santsi, bakin buhu, tiyo, kwali mai kauri, bel ɗin mota in anyi hatsari Allah ya kiyaye, duk tana cizonsu nan take inda sumul zata riƙa zamewa. Shi yasa wuƙaƙen masu aikin ceto da na masu jirgin ruwa da yawa suke da haƙora, wasu laujunan yankan shinkafa ma haka ake yinsu. Amma fiƙe fensir, sassaƙa ƙota, gyara tsinken tsire, yankan fata irin na dukawa, sumul ce.

Akwai kuma wadda ake rabawa biyu, rabin baki haƙora rabi sumul, an fi ganinta a wuƙaƙen aljihu masu naɗewa. Ni dai bata burge ni ba, haƙoran suna zaune daidai kusa da ƙota inda kake buƙata in zaka fere abu, sumul ɗin da ya rage kuma ya gajarce. Wanda kullum yana cikin yankan igiya a gona ko wajen lodi zata iya masa amfani, shikenan.

Mataki na uku, siyayya

Gida baya buƙatar saitin wuƙa goma sha biyu. Babbar sumul ɗaya mai kamar santimita 20, ƙarama ɗaya ta fere mai santimita 8 zuwa 10, doguwar mai haƙora ɗaya ta burodi, sai ta yanka da fiɗa da za'a ajiye daban a kube kar yara su ɗauka su je yankan rake da ita. Kuɗin ka zuba su a sumul ɗin, mai haƙora ko mai araha ce zata yi shekaru tana yanka burodi.

In zaka siyi mai haƙora kalli girman haƙoran. Masu faɗi masu kama da ƴan kwarin da aka jera, waɗannan ana iya wasa su kuma basa yaga sosai. Masu ƙanana ƙanana birjik kamar na zarton ƙarfe, irin nawa na kwali, basa wasuwa, ranar da suka mutu sun mutu. Ka juya ta kuma zaka ga yawanci gefe ɗaya kawai aka zaftare ɗayan gefen a shafe yake, wannan yana sa ta riƙa karkata gefe in kana yanka abu mai tsayi, ka fara yanka burodi siriri ka ƙare da kauri. Ba hannunka bane, ƙirarta ce, da sabo zaka iya gyarawa. Bahago kuma ya lura, akasari don na dama ake zaftare su.

A sumul kuma zaɓi biyu ne. Ta maƙera, wadda sau da yawa da sifirin mota ake ƙera ta, tana ɗaukar kaifi da sauri a kowane dutse amma tana tsatsa in ta kwana da ruwa, kuma lemon tsami da albasa suna sa ta baƙi. Ta kanti wadda bata tsatsa irin su Tramontina ta Burazil bata da wannan wahalar, sai dai jabu sun cika kasuwa, araha kuma bata ado. Riƙe ta a hannu ka girgiza, in ƙotar tana motsi ajiye. Wadda ƙarfenta ya ratsa cikin ƙotar har ƙarshe aka ɗaure da ƙusoshi tafi ƙarko.

Mataki na huɗu, wasa sumul

Nan ne duk maganar take, don yawancin masu gudu wajen mai haƙora gudun dutse suke. Kuma ba'a fafe gora ranar tafiya, kar ka bari sai an sauko daga idi.

Samu dutsen nan na kasuwa mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi. Jiƙa shi a ruwa har kumfar dake fita ta tsaya, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa ka ɗora shi don kar ya riƙa gudu. In an rubuta lamba a jiki, 1000 ita ce ta wasawar yau da kullum, ƙasa da haka irin 300 ko 400 na wuƙar da bakinta ya ɓalle ne, 3000 zuwa sama kuma na gogewa. Kwanciyar wuƙar a kan dutse ana so ta zama digiri 15 zuwa 20, kar lissafin ya dame ka, tsayar da ita cak a kan dutsen, kwantar da ita rabi, sake kwantar da ita rabin wannan, ka ɗan ƙara kwantar da ita kaɗan, ka iso. Muhimmin abu shine hannunka ya tsaya a haka kar ya riƙa hawa da sauka.

Ɗora yatsu biyu ko uku a jikin wuƙar kusa da baki, ka riƙa turawa kana dawowa tun daga gindi har tsini, kana yayyafa ruwa. Kar ka juya ɗaya gefen sai ka shafa a hankali daga baya zuwa baki, ba a tsawon kaifin ba fa, kaji wani ɗan siririn ƙarfe ya lanƙwaso yana kama fatar yatsa tun daga gindi har tsini. Wannan shine shaidar cewa ka iso bakin. Mutane da yawa suna shafe rabin awa suna goga amma basu taɓa kaiwa nan ba, gefen wuƙar kawai suke ci. In kana shakka shafa tawadar alƙalamin maka a bakin ka goga sau uku ka duba, inda tawadar ta goge nan dutse yake taɓawa. Sai ka juya kayi ɗaya gefen haka, ka koma fuska mai laushi da hannu sakwa-sakwa kana sauya gefe duk shafa ɗaya, ka ƙarasa a bayan tsohon bel na fata kana ja baya baya kamar yadda wanzami yake yiwa aska.

Gwaji, riƙe takarda a sama ka yanka. In ta ratsa shiru ta yi, in ta tsaya ta yage a wani waje toh wajen bai samu ba.

In babu dutse, kifa kofin tangaran, zoben dake gindinsa mara santsi yana tayar da kaifi na wucin gadi, yafi goga ta a dakalin siminti nesa ba kusa ba. Ƙarfen nan dogo da mahauta suke gogawa kuma ba wasawa yake ba, miƙar da bakin da ya lanƙwashe yake, yana da amfani kullum amma baya maye gurbin dutse. Masu wasawa da inji da suke zagayawa gab da sallah suna da sauri, sai dai injin yana cin ƙarfe da yawa, in kaga bakin ya canza launi yayi shuɗi toh zafi ya kashe taurin wajen, bazai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wannan ɓangaren. Ka ce masa ya riƙa tsoma ta a ruwa.

Mataki na biyar, wasa mai haƙora

Kar ka kwantar da gefen haƙoran a kan dutse, kar kuma ka miƙa wa mai inji, aske su zaiyi. Ita rami rami ake binta. Ana sayar da wani siririn ƙarfen wasawa mai tsukewa zuwa tsini don wannan aikin, in baka samu ba naɗe sanfefa mai laushi a jikin fensir ko ƙusa, gwargwadon faɗin ramin. Nemo gefen da aka zaftare, sa abun cikin ramin farko ka kwantar dashi daidai da zaftarewar, ka tura sau huɗu ko biyar, ka matsa na gaba. Wuƙar burodi tana iya kai rami talatin ko fi, don haka kunna rediyo ka zauna. In ka gama zaka ji ɗan ƙarfen nan ya fito a shafaffen gefen, kwantar da wannan gefen kusan shame-shame a fuska mai laushi ta dutse ka shafa sau biyu uku ya fita. In burodi da tumatir kawai take yanka, zaka iya shekara ko fiye baka sake ba.

Wajen wanki kuma ita tafi son kulawa, kitse da ɓurɓushin abinci suna maƙalewa a tsakanin haƙora, soso kuma yagewa yake a kai, tsohon buroshin haƙori da sabulu shi yafi. Sumul ta maƙera a wanke a goge ta bushe nan take, in za'a ajiye ta sai wata sallar a shafa mata man gyaɗa kaɗan a naɗe a takarda, don kuben fata yana riƙe danshi lokacin damina. Kar a jefa wuƙa cikin ruwan wanke-wanke mai kumfa inda yarinya zata zura hannu bata gani ba, kar kuma a zuba su cikin kwando ɗaya da cokula suna karo da juna. Sannan a nemi katakon yanka ko na roba, ko guntun katako ne daga wajen kafinta a kankare shi a wanke, a daina yanka a kan tire.

Sauran biyar ɗin nan na kwali kuwa, biyu na kaiwa mai inji da gangan nace ya aske haƙoran duka ya fitar musu da baki sumul, yanzu dasu ake fere dankali. Ɗaya tana cikin but ɗin mota saboda igiya, biyu kuma ban san inda yara suka kai su ba.